Ambassadeur 6500 CT: Tsohon Keken Fatsa Mai Saka wa Wanda Ya Kula da Shi

Shekara huɗu ke nan ina jifa da Ambassadeur 6500 CT, keken naɗe zaren kamun kifi, daga gaɓar teku, kuma a tsawon wannan lokaci na kwance shi na sake ɗaurawa fiye da yadda zan iya ƙirgawa, wani lokaci bisa larura, wani lokaci kuwa don kawai in ga abin da ke gudana a cikinsa. Abin da zan faɗa ya fito ne daga wannan zama da muka yi da shi, kuma ya fi karkata ga yadda keken yake karɓar saiti, da irin nisan da yake bayarwa idan an yi masa abin da ya dace. Wanda yake neman keken da zai fitar daga kwali ya ɗaura a sanda ya manta da shi har shekara ta zagayo, gara ya sani tun yanzu cewa ba wannan ba ne.

Kekunan fatsa da ake gani a hannun masu kamun kifi a teku iri biyu ne. Akwai wanda kwarkwaronsa yake tsaye cak, zare na kwararowa daga bakinsa idan an yi jifa, akwai kuma wanda kwarkwaron ne da kansa yake juyawa yana sakin zaren. Ambassadeur yana cikin kashi na biyu, kuma daɗinsa da wahalarsa duk daga wannan juyawa suke fitowa. Haruffan CT da ke jikin sunansa suna nuna cewa ba shi da 'yar na'urar nan mai kai da komo da ke jera zare a kan kwarkwaro, wadda ake samu a 'yan'uwansa masu alamar CS. Rashinta ya buɗe wa babban yatsa sarari ya dafe kwarkwaro sosai kafin saki, ya kuma kawar da 'yar ƙofar da ƙullin zare yakan maƙale a cikinta a tsakiyar jifa, sai dai ya ɗora wa mai keken aikin jera zaren da yatsunsa duk sanda yake naɗowa.

Asalin kamfanin da ya ƙera shi, wato Abu Garcia, yana bayyana abubuwa da dama game da ƙirar. A shekarar 1921 Carl-August Borgström ya kafa AB Urfabriken a garin Svängsta da ke kudancin Suwidin, a bakin kogin Mörrum, kuma sana'arsu ta farko ita ce ƙera agogon aljihu da mitar tasi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya durƙusar da kasuwar mitar, sai ɗansa Göte ya juya akalar masana'antar zuwa kayan kamun kifi, har Ambassadeur na farko ya fito a 1952. Sunan Abu Garcia daga baya ya zo, a shekarun 1980, bayan an haɗe da kamfanin Garcia na Amurka. Hannun maƙerin agogo yana nan a jikin keken har yau. Ƙananan sassa ne masu yawa, kowanne da mazauninsa, kuma kowane ɗan sifirin da kowace 'yar washa suna da lambarsu a zanen da ke zuwa tare da shi, ana kuma samun su ɗaiɗai idan sun lalace. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa har yanzu ake magani da wannan tsohuwar zuma, domin kekunan zamani da yawa idan wani abu ya mutu a cikinsu sai dai a sayi sabo.

Buɗe shi ba ya bukatar ko sukudireba. Kusoshi uku ne masu kai mai kaushi a ɓangaren hannu, ana murza su da yatsa, sai murfin ya fito gaba ɗaya da giyoyinsa, kwarkwaro kuma ya zamo hannunka. A ƙirar da ake kira Ultracast, wadda nawa yake da ita, kwarkwaron alminiyam ne yake juyawa a kan sandar tsakiya, boris biyu kuma suna zaune a cikin kwarkwaron kansa, girman kowanne milimita 4 a rami, 10 a faɗi, 4 a kauri. Tsofaffin ƙira suna ajiye boris ɗinsu a cikin murafan gefe, raminsu kuma milimita 3 ne, don haka wanda zai sayi na canji ya duba nasa tukuna.

Kafin a taɓa komai, ya kamata mutum ya fahimci abin da ke faruwa a daƙiƙun nan biyar ko shida da dalma, wato nauyin da ake ɗaurawa a bakin zare, take cikin iska, domin duk saitin da za a yi amsa ce ga matsala guda ɗaya. Kewayen kwarkwaron da aka cika da zare bai wuce kimanin santimita 11 ba. Idan dalma ta bar bakin sanda da gudun mita 40 a daƙiƙa, lissafi ya nuna cewa dole kwarkwaron ya juya fiye da sau 360 a daƙiƙa ɗaya, wato sama da juyi 20,000 a minti, kuma daga tsaye cak yake kai wannan gudu cikin ƙiftawar ido. Daga nan dalma take fara rage sauri, saboda tana hawa sama, iska tana tare ta, nauyin zaren da take ja kuma yana ƙaruwa. Shi kuwa kwarkwaro bai san da wannan ba, ya riga ya ɗauki zafi, sai ya ci gaba da aman zare fiye da yadda dalma take iya janyewa. Zaren da ya rasa mai ja sai ya kumbura, ya hau kan ɗan'uwansa, ya cukurkuɗe, abin da Turawa suke kira sheƙar tsuntsu. Idan cukurkuɗewar ta zo da wuri, lokacin da ƙarfin jifan bai huce ba, zaren yakan tsinke da ƙara kamar bulala, dalma ta tafi inda ta ga dama.

Saboda haka aikin mai saiti shi ne ya sa gudun kwarkwaro ya bi gudun dalma sau da ƙafa, kada ya wuce ta, kada kuma ya riƙe ta. Na daɗe ban gane wannan ba. A shekarata ta farko na ɗauka cewa keken da ya fi daɗewa yana juyawa idan an kaɗa shi a hannu shi ne zai fi kai dalma nesa, kuma wannan zato ne ya kai ni ga sayen boris na tangaran daga wani mai sayarwa a intanet, na cire tubalan birki duka biyun, na bar boris ɗin a bushe ba ko ɗigon mai. A ɗaki abin gwanin sha'awa ne, kwarkwaro yana ta kuka kamar ba zai tsaya ba. A gaɓar teku jifa na biyu ne ya ƙare da tsinkewa, na kwashe abin da ya rage na hasken yamma ina yanke zare da wuƙa. Laifin ba na keken ba ne, ba kuma na boris ɗin ba, ni ne garin neman gira na kusa rasa ido.

Tun da maganar boris ta taso, bari in tsaya a kanta, domin a nan ne aka fi yi wa sababbin shiga romon baka. Lambobin ABEC da ake bugawa a jikin fakiti, daga 1 zuwa 3, 5, 7 da 9, ma'auni ne na ƙungiyar masu ƙera boris ta Amurka, kuma abin da suke aunawa shi ne daidaiton girma da siffa. Ba sa cewa komai game da ingancin ƙarfen, ko juriyarsa ga gishiri, ko irin man da ke ciki. Boris na tangaran da ake sa wa kekuna galibi gauraye ne, ƙwallayen na tangaran, zoben da suke gudu a ciki kuma na ƙarfe marar tsatsa, don haka zoben yana nan da bukatar kariya daga ruwan teku. Sun fi sauƙin nauyi, suna saurin ɗaukar gudu, suna kuma da ƙara idan babu mai. Na gwada su gefe da gefe da na asali a fili, da dalma iri ɗaya da zare iri ɗaya, bayan na mayar da birki yadda ya kamata, bambancin da na gani bai taka kara ya karya ba, bai kai wanda sauyin iska yake kawowa tsakanin jifa da jifa ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ga zakaran gasa da yake neman ƙarin mita biyu a kan 250, irin su Danny Moeskops na Beljiyam, wataƙila akwai riba. Ga mai neman kifi, boris na ƙarfe da keken ya zo da su sun wadatar, muddin suna da tsabta.

Tsabtar ce ta ba ni ƙarin nisan da na iya gani da idona. Sabon boris yakan zo da giris ko mai mai kauri daga masana'anta, wanda aka sa don ya kare shi a ajiya, tsoho kuwa yana tara ƙurar yashi da busasshen gishiri. Ana zare 'yar wayar da ta riƙe shi a hankali, tare da dafe ta da yatsa domin tana da halin tsalle ta ɓace, a jefa boris ɗin cikin 'yar kwalba mai man laita, a girgiza, a zubar, a sake, har sai man ya fito garau. Wannan aiki a wuri mai iska ake yin sa, nesa da wuta. Bayan ya bushe a kan takarda, sai a soka shi a bakin fensir a juya da yatsa a saurara. Lafiyayye yana tafiya sumul da 'yar siririyar murya, wanda ya mutu kuwa yana kartar yatsa kamar akwai tsakuwa a ciki, kuma babu man da zai tashe shi. Kada a hura shi da iskar kwamfuresa yana bushe, domin gudun da zai yi ba mai yana iya ɓata shi.

Sai mai, wanda mutane da yawa ba su ɗauke shi a matsayin birki ba, alhali shi ne birki na farko. Ɗigo ɗaya a kowane boris ya isa, biyu shi ne iyaka. Kaurin man shi ke yanke yadda kwarkwaro zai saki jiki: mai ruwa-ruwa yana barin sa ya yi gudu, mai kauri yana lallashinsa. Masu jifa a Birtaniya sun saba da wani mai da ake kira Rocket Fuel, mai jan tambari ya fi kauri, mai ruwan ɗorawa ya fi sauri, kuma na same su kamar yadda ake faɗa. Ni mai jan nake sawa don kamun kifi. Abin lura shi ne yanayi yana sauya halin kowane mai, sanyi yana daskarar da shi, zafi yana tsinka shi, shi ya sa keken da ya yi ladabi da asuba yakan fara rashin ji idan rana ta take. Wanda ya cika man da yawa kuma zai ga keken ya yi nauyi a jifan farko, sannan rarar ta fantsama zuwa inda ba a son ta, wato kan tubalan birki.

Tubalan nan su ne birki na biyu, kuma ƙirarsu mai sauƙi ce ƙwarai. 'Yan guntayen roba ne ko wani abu mai kama da ita, suna zamewa a kan 'yan sanduna a gefen kwarkwaro, idan ya ɗauki gudu sai juyawar ta watsa su waje su goga jikin wani zobe. Ƙarfin da ke tura su yana ninkuwa huɗu duk sanda gudu ya ninka biyu, don haka suna kamawa da ƙarfi a farkon jifa, inda haɗarin yake, su sassauta da kansu idan gudun ya ragu. Tsofaffin kekuna sanduna biyu gare su, ana canza girman tubalan, sababbi kuwa shida, ana kunna wasu a kashe wasu. A mai shida, a riƙa kunna su biyu-biyu masu fuskantar juna domin kada kwarkwaro ya karkata. Sharaɗinsu ɗaya ne, su kasance a bushe. Ɗigon mai ko na ruwa a kan zoben ya isa ya mayar da keke mai hankali mahaukaci ba tare da gargaɗi ba, kuma wannan shi ne babban raunin wannan tsari idan ana ruwan sama ko raƙuman ruwa suna feshi. Ina goge zoben da tsumma mai tsabta kafin kowace fita. Rauni na biyu shi ne ba a iya sauya saitinsu sai an buɗe keken, abin da ba kowa ne zai so yi a kan yashi cikin duhu ba.

Wannan ne ya sa kamfanin ya fitar da nau'in Mag, mai birkin maganaɗisu, kuma masu ƙera kayan gyara suna sayar da murfin gefe ko 'yar na'urar da ake ɗaura wa CT na gargajiya. Abin yakan ba mutane mamaki, tun da maganaɗisu ba ya kama alminiyam. Sirrin shi ne alminiyam yana ɗaukar lantarki, kuma idan ya gilma da gudu a gaban maganaɗisu sai wasu 'yan guguwowin lantarki su taso a cikinsa, su haifar da nasu ƙarfin da ke adawa da juyawar da ta haife su, bisa ƙa'idar da masanin kimiyya Lenz ya bayyana a 1834. Babu abin da ke taɓa wani, don haka babu gogewa, babu cinyewa, ruwa kuma bai dame shi ba. Ƙarfin birkin yana bin gudun kwarkwaro, yana kuma sauyawa sosai da tazarar da ke tsakanin maganaɗisun da fuskar kwarkwaro, har rabin milimita ma ana jin sa. Na ɗaura wa nawa irin wannan a shekara ta uku, kuma in da za a ce in zaɓi gyara ɗaya tak da ya cancanci wahalarsa, shi zan zaɓa, ba don ya ƙara mini nisa a rana mai kyau ba, sai don yana ba ni damar ƙara birki da yatsa ɗaya idan iska ta juyo tana bugun fuska. 'Yan gasa sukan janye maganaɗisun a hankali dalma tana sama domin su tatsi sauran gudun, amma mai abinci a ƙugiya, wanda iska take kamawa ta rage masa sauri ba zato, bai kamata ya kwaikwaye su ba. A kula da rufin maganaɗisun, domin idan ya karce, tsatsa tana cin sa da sauri a iskar teku.

Akwai kuskure guda da na ga ana yawan yi, wato a mayar da murafan nan biyu masu murzawa da ke gefe da gefe su zama birki. Aikinsu shi ne su tsayar da kwarkwaro a tsakiyar firam, su kuma bar masa ɗan wasa kaɗan. Saitin da ya dace shi ne idan ka kama kwarkwaron ka motsa shi hagu da dama, ka ji ɗan ƙwas wanda da ƙyar ido yake gani. Matse su har wasan ya ɓace yana hana cukurkuɗewa, gaskiya ne, amma yana cinye 'yan washoshin da ke ciki, yana takura boris, yana kuma riƙe dalma daga farkon tafiyarta har ƙarshe, har da lokacin da ba a bukatar riƙon.

Zaren kansa ma birki ne, kuma kyauta yake. Yayin da yake fita, tudunsa a kan kwarkwaro yana raguwa, kowane juyi yana sakin abin da bai kai na baya ba, wannan kuwa yana daidaita gudun da kansa. Zare mai kauri yana saukar da tudun da sauri, shi ya sa ya fi sauƙin sarrafawa, siriri kuma ya fi nisa amma ya fi neman rigima. Wannan keke ya fi jin daɗin zaren roba mai kaurin milimita 0.35, kuma yana ɗaukar fiye da mita 200 nasa. Ina barin milimita 2 zuwa 3 tsakanin zaren da leɓen kwarkwaro, kuma duk wanda keke yake ba shi wahala, kafin ya sayi wani abu, ya fara rage zaren ya gani. Yadda aka jera layukan farko shi ke yanke ko kwarkwaro zai tafi shiru ko zai yi ta rawa yana kururuwa. Idan na ji karkarwa a hannuna lokacin jifa, nakan warware zaren gaba ɗaya in sake naɗawa, wani lokaci da ɗan tudu a tsakiya tukuna, wani lokaci a shimfiɗe, har sai na dace, domin babu wata ƙa'ida da ta yi wa kowane kwarkwaro daidai. Aiki ne mai cin rai, kuma sakamakonsa ya fi na boris mai tsada bayyana.

Ba zan wuce maganar zare ba sai na ambaci na gaba, wato kakkauran zaren da ake ƙullawa tsakanin siririn da dalma domin ya ɗauki fizgar jifa. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka daɗe a kanta ita ce ƙarfin laba 10 ga kowace oza ɗaya ta dalma, kimanin kilo 4.5 ga kowane giram 28. Dalma mai giram 150 ke nan tana bukatar zaren da zai jure kilo 24 zuwa 27, kuma ya zagaya kwarkwaro aƙalla sau shida kafin ya bi sanda ya sauko. Dalmar da ta tsinke tana iya kisa, don haka wannan ba wurin tsimi ba ne. Ƙullin kuma a ajiye shi can gefen kwarkwaro kafin jifa, in ba haka ba zai tsaga babban yatsa.

Inda keken ya gaza a fili yake, kuma ƙirarsa ce ta jawo. Giyarsa 5.3 ce ga juyin hannu ɗaya, wato kimanin santimita 60 na zare idan kwarkwaro a cike yake, ƙasa da haka idan ya zube. Wanda ya jefa mita 150 zai murza hannu fiye da sau 250 kafin ya ga dalmarsa, alhali yatsun ɗaya hannun suna ta jera zare. Akwai nau'i mai giya 6.3, Penn 525 Mag na wani kamfani kuma yana da 6.1 da jiki mai ɗaukar wahala. Sannan 6500 ba injin jan kaya ba ne. Idan ƙugiya ta kwaso tarin ciyawar teku, ko ana kamu a kan duwatsu inda dole a ɗago kifi da ƙarfi kafin ya shige rami, ƙaramin hannunsa da siririn firam ɗinsa suna nuna iyakarsu, kuma dole a riƙa ɗagawa da sanda ana naɗe rarar, maimakon a dogara da giya. Wurinsa shi ne shimfiɗaɗɗen yashi mai tsabta inda kifi yake can bayan raƙuman ruwa. A wannan fage abokin karawarsa na gaskiya shi ne Daiwa 7HT, wanda shi ma ya daɗe a hannun masu jifa, kuma zaɓi tsakaninsu ya fi zama na sabo da ɗanɗano.

Gishiri shi ne abokin gaba na dindindin. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 nasa, kuma wannan keke ya haɗa ƙarafa daban-daban a jiki ɗaya, alminiyam a murafai da kwarkwaro, tagulla a firam da babbar giya, ƙarfe a kusoshi. Duk inda biyu daga cikinsu suka haɗu, ruwan gishiri kuma ya shiga tsakani, sai su zama kamar ƙaramin batir, alminiyam ne kuma yake biyan bashin, ya fara fitar da farin gari yana rarakewa. Maganin ba shi da wuya. Bayan kowace fita ina matse tauraron da ke saita ja, wato ƙarfin da keke yake riƙe zare idan kifi ya fizga, domin kada ruwa ya shiga washoshinsa, in zuba wa keken ruwan daɗi mai ɗumi-ɗumi a hankali, in goge, in bar shi ya sha iska, sannan in sassauta tauraron gaba ɗaya kafin ajiya domin kada washoshin su daskare a matse. Ba a tsoma shi cikin bokiti, ba a kuma fesa masa ruwa mai ƙarfi, domin hakan tura gishirin yake yi can ciki. Man feshi irin na kwance kusa mai tsatsa yana da amfani a kan tsumma don goge waje, amma idan ya shiga ciki yana narkar da giris, ya kuma gurɓata birki.

Sau ɗaya ko biyu a shekara nakan kwance ɓangaren hannu gaba ɗaya, kuma shawarata ga mai yin haka karon farko ita ce ya ɗauki hoto a kowane mataki, ya jera sassan a kan farin ƙyalle bisa tsarin fitowarsu. Haƙoran giya giris suke so, shafe kaɗan ba cusawa ba. Cikin murafai da zaren kusoshi ma ina shafa musu siririn giris don raba ƙarafan da juna. Boris ɗin nan mai hana hannu komawa baya shi ne ba ya son giris sam, domin yana sa shi santsi ya saki a lokacin da kifi yake ja, musamman da sanyi, don haka ɗan laushin mai kawai ake ba shi. Washoshin ja na zaren kabon, waɗanda sababbin kekuna suke zuwa da su kuma ake iya sa wa tsofaffi, suna sakin zare sumul ba fizga idan an shafa musu giris ɗin da aka yi domin su. Akwai kuma wasu lanƙwasassun washoshi biyu a ƙarƙashin tauraro waɗanda dole su fuskanci juna kamar tafin hannu biyu da aka haɗa, in aka jera su ciki ɗaya sai tauraron ya rasa taushinsa, ya zama ko a sake ko a ƙulle. Na taɓa yin wannan kuskure, na yi mako guda ina zargin washoshin ja kafin in koma ga hoton da na ɗauka.

Ga wanda bai taɓa riƙe keke mai juyayyen kwarkwaro ba, zan ce ya nemi nau'in Mag, ya fara da birki a cike, mai mai kauri, da zaren da bai cika ba, ya yi ta jifa a fili da dalma kaɗai har hannunsa ya daina fizga, domin jifa mai fizga yana cukurkuɗa ko wane irin keke. Daga nan ya riƙa sassautawa, abu ɗaya a lokaci ɗaya, yana duban zaren da ke kan kwarkwaro dalma tana sama. Idan ya ga 'yan zarurruka sun ɗan taso a tsakiyar tafiya sannan sun kwanta da kansu, ya iso bakin iyaka, sai ya koma baya taki ɗaya ya tsaya nan. Nawa keken a yanzu yana kan boris ɗinsa na ƙarfe, da ɗigon jan mai ɗaya a kowanne, da ƙaramin tubali guda biyu, da maganaɗisu a rabin hanya. Idan dare ya yi, ko iska ta juyo daga teku, ko na soka babban abinci a ƙugiya, nakan ƙara maganaɗisun taki biyu in haƙura da mita goman da zan rasa.